Yadda Kawunku Ya Ɓoye Gida a Bayan Hotonsa

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan. Babba, zauna, nan ba ofishinka ba ne. Ke kuma Auta, daina leƙen ramin bangon nan, yanzu za ki ji yadda aka yi shi. A kan kawunku na tara ku, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Kun san gidan nan gado ne tsakanin uwarku da ƙanenta. Kun kuma san tun da aka rubuta unguwar nan cikin unguwannin tarihi, ba mai taɓa fuskar gidansa sai da izinin Kwamitin Adana Tsohuwar Unguwa. Kowane gida yana da fayil a ofishinsu, kowane fayil yana da hoto, wanda aka ɗauka tun kakanku yana da baƙin gashi. Abin da ke cikin hoton shi ne gidanka. Abin da babu a ciki, to babu shi har abada. Uwarku, da gwiwoyi suka fara yi mata gardama, abu ɗaya ta roƙa: ƙarfen dafawa a gefen matakala ukun nan na ƙofar gida. Fom huɗu ta cika cikin shekara biyu. Amsa ɗaya ake ba ta: ƙarfe ba ya cikin hoto.

To, sai kawunku ya sayi mota.

Kun san shi. Tun da ya taɓa riƙe wa wani mai awon fili bakin tef na mako uku yake amsa sunan Injiniya, biro biyu a aljihu, ɗaya ba ya rubutu. Motar kuwa ta ga duniya kafin ta gan shi, birkin hannunta ma ado ne. Amma kwana uku da tsuntsaye suka yi mata zane a bakin titi, sai ya rantse motarsa ba za ta ƙara kwana a waje ba. Zai fasa bangon gaba, ya mai da ɗakin zaman uwarku gareji.

"Za su ci ka tara, su ci gidan," in ji uwarku.

"Yaya, sha kuruminki. Ke fom kike cikawa, ni doka nake karantawa." Ya zaro littafin dokar, ya dangwala yatsa. "Saurara: duk wani canji da ido ke gani daga titi. Daga titi, Yaya! Ashe abin da ido bai gani ba, babu ruwan kwamiti da shi."

"Ramin da mota za ta shiga ne ido ba zai gani ba? Makafi ne a layin?"

"Nan ilimi yake aiki," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshinsa. Sautin da ya fito bai ba uwarku ƙwarin gwiwa ba.

Ga dabarar. Tsakanin matakala da bakin titi akwai ɗan fili mai taku uku. Injiniya ya je ofis ya karɓi kwafin hoton asali, wai don tunawa da iyaye. Ya kawo kafinta ya kafa falankai tun daga ƙasa har rufi, suka rufe fuskar gidan ruf. Sannan ya kawo mai fenti, mai rubuta allon shaguna, ya miƙa masa hoton ya ce a zana gidan a jikin katakon: ƙofa, taga, matakala, har tsagewar da ke saman taga. A bayan katako zai fasa abin da ya ga dama. In an gama, a sa wa tsakiyar katakon hinji, bango ya riƙa buɗewa mota ta shige, ya rufe ya koma tarihi.

Tela, wanda shagonsa ke kallon gidan, ya ɗaga ƙafa daga keke ya fito.

"Injiniya, me ake yi ne? Gidan ne ya ji kunya aka sa masa mayafi?"

"Kare shi nake yi daga rana."

"Shekara ɗari yana shan rana, sai bana zai yi baƙi?"

"Kai dai ka kula da wuyan riga, ka bar wa masu ilimi gini."

"Na bar muku. Amma zan juyo da kujerata ta fuskanci nan, kar wani abu ya wuce ni."

Mai fenti ya yi kwana huɗu yana aiki, kuma a faɗi gaskiya, hannunsa yana da kyau. A rana ta ƙarshe an ga uwarku ta kai masa shayi, ta tsaya tana nuna masa wani wuri da sandarta, shi kuma yana gyaɗa kai yana buɗe gwangwanin baƙin fenti. Injiniya bai kula ba, yana can tsakiyar titi hannu a ƙugu, yana bayyana wa masu wucewa abin da ake kira hangen nesa.

Matsala ta farko ta zo kafin fenti ya bushe: da kafinta ya toshe ɗan gurbin da ake bi ta gefe, sai aka ga ba a bar hanyar shiga gida ba. Uwarku tana ciki, Injiniya yana waje, ƙofar da ke tsakaninsu kuwa zane ce.

"Injiniya!" ta kira daga ciki. "A hoton asalin naka, ta ina mutane suke fita?"

Aka sake kiran kafinta, ya yanka wata 'yar kafa a can gefe, daidai ƙugu, don kar ta ɓata zanen. Tun daga ranar duk mai shiga gidan kakanku sai ya durƙusa kamar mai neman gafara. Uwarku da ta nemi ƙarfe don matakala uku, sai ga ta da rarrafe kafin matakala uku. Mai kawo wasiƙa ya yi ta cusa ambulan a ramin wasiƙar da aka zana, har ya yi zuciya ya manna ta da yawu. Wata baƙuwa ta ɗaga ƙafa za ta taka matakalar fenti, goshinta ya gaisa da katako. Tela ya taso ya ba ta haƙuri, ya ce gidan ne bai saba da baƙi ba.

Aka fara fasa. Injiniya ya gaya wa magini bangon ba zai wuce kaurin tafin hannu ba, ya auna da ido. Magini ya yi yini guda yana dukansa da guduma, ya zura hannu har kafaɗa bai ga haske ba. Layin gaba ɗaya yana girgiza. Mai aski na kusa da tela ya leƙo da almakashi a hannu.

"Injiniya, wace ƙara ce wannan? Na kusa cire wa mutum kunne."

"Yaya ce take kakkaɓe katifa."

"Da guduma?"

"Tsohuwar katifa ce."

Rana ta uku guduma ta samu bututun ruwa. Ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashin zanen, ya bi layi yana neman shagon tela. Tela ya tattare yadudduka ya hau tebur.

"Injiniya, hotonka yana fitsari!"

"Gwaji ne. Muna duba gangaren titi."

"To ya gangaro. Zo ka kwashe sakamakon gwajinka daga ƙarƙashin kekena."

Rana ta biyar rufin ɗakin ya fara sunkuyowa, don ashe bangon nan shi ke ɗauke da shi. Magini ya tokare shi da itatuwa huɗu, ya tattara kayansa, ya ce shi yana da 'ya'ya. Injiniya ya ce dama ya yi niyyar sallamarsa, ba ya ɗaukar gyara. Uwarku ta kwashe kujerarta da rediyonta ta koma ɗakin baya, kusa da tarin ɓaraguzan da ba a san ta inda za a fitar da su ba, tunda kafar fita ba ta wuce ƙugu ba.

Duk wannan bai kai ranar da aka zo shigar da mota ba. Aka buɗe bango da sassafe, Injiniya ya zauna a sitiyari yana gyara hula, sai mai aski ya ce, "Ranka ya daɗe, motar taka ta iya hawa bene?" Injiniya ya duba. Matakala uku, na gaske, suna nan inda kakanku ya bar su. Mutumin da ya auna komai da ido, idon bai taɓa sauka ƙasa ba.

"Na sani," ya ce. "Yana cikin tsari."

Aka jingina katakai biyu a kan matakala, maza shida suka tura. Motar ta hau tana nishi, ta cusa kai cikin ramin, madubin dama ya tafi, na hagu ya bi shi, sai ta tsaya cak. Ramin ya yi mata kaɗan. Rabinta a ɗaki, rabinta a kan gangaren katako, gindinta yana kallon titi. Tunda babu birkin hannu, Injiniya ya ɗauko wani guntun gungume ya cusa a bayan tayar baya. Aka ja bangon katako aka rufe, da ƙyar, tsakaninsa da bayan motar bai fi yatsa huɗu ba.

"Ka ga," ya ce wa tela yana share gumi, "mota ta shiga gida ko ba ta shiga ba?"

"Ta leƙa dai."

Yanzu ku ji ɓangaren masu doka. Kwamiti yana da mai duba gine-gine, wanda unguwa ke kira Ba-Na-Sauka, don ba a taɓa ganin takalminsa ba. Sau ɗaya a wata yake zuwa, ya tsaya da mota a bakin layi, ya sauke gilashi rabi, ya ɗaga hoton fayil, ya dubi gida, ya ɗauki sabon hoto, ya wuce. Da ya zo kan gidan nan sai ya sauke gilashin gaba ɗaya. Duk gidajen layin sun tsufa sun bar hotunansu a baya, wannan kaɗai ne ya yi daidai da nasa, har tsagewar saman taga. Ina abin mamaki? Daga hoton aka haife shi.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo, aka same ta manne a katako. Injiniya ya karanta a tsakiyar titi da ƙarfi, sau biyu: gidan nan ne ya zo na ɗaya a adana kamannin asali a duk unguwar. Shugaban kwamiti da kansa zai zo ranar Asabar da hantsi ya kafa allon tagulla a jikin bango.

Uwarku ta ce, "A jikin wane bango?"

"Yaya, ke dai ba kya son ganin ci gaba. Mutanen da suka hana ki ƙarfe guda, ni ga shi za su ba ni tagulla."

"Ka je ka gaya musu gaskiya tun muna mu biyu."

"In mai da lambar yabo? Shekara nawa ina jiran a san ni a garin nan?"

Ba wanda ya tona a layin. Ba don ƙauna ba. Tela ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa samun kallo kyauta irin wannan ba, duk wanda ya ɓata masa shi ba zai ƙara ɗinka masa ko aljihu ba.

Asabar ta zo. Aka jera kujeru a titi, aka kawo lasifika da mai ɗaukar hoto. Injiniya ya sha babbar riga, ya ƙara biro na uku. Ba-Na-Sauka ya sauka, karon farko a tarihi. Ya tako yana murmushi, taku goma, taku biyar, sai murmushin ya daskare. Ya ga kan ƙusoshi. Ya ga hinji. Ya dubi Injiniya, Injiniya ya ɗaga masa gira. Ba-Na-Sauka ya buɗe baki, sai ya tuna wanda ya rubuta rahoton da ya zaɓi gidan, ya mai da bakinsa ya rufe. Sauran 'yan kwamiti su ma sun gani, amma suna jiran shugaba ya fara gani. Shugaba kuwa dattijo ne mai tabarau kamar gindin kwalba, kuma ya bar su a mota don kar su ɓata masa hoto.

Ya yi jawabi mai tsawo. Ya shafa katakon da tafin hannu, ya ce, "Ku ji santsi! Magina na da, ba na yanzu ba. Wannan bango ya ga zamani, kuma zai ga bayanmu duka."

"Wataƙila ma yau," in ji tela daga baya.

Aka miƙa wa shugaba guduma da ƙusa. Ya saita allon tagulla kusa da ƙofar zane, ya daka sau ɗaya. Ƙusa ta shige gaba ɗaya kamar an soka ta a burodi, allon ya faɗo.

"Ikon Allah," in ji shugaba. "Dutsen da laushi."

"Tsufa ne, ranka ya daɗe," Injiniya ya yi caraf. "Dutse in ya shekara ɗari yakan nuna. A ba ni minti ɗaya, in duba shi ta ciki."

Ya tattare babbar riga, ya durƙusa a gaban manyan baƙi, ya rarrafa ta kafar gefe. Dabararsa mai sauƙi ce: ya samu wani abu mai tauri ya danna a bayan katakon, daidai inda ƙusa za ta fito, don ta samu abin kamawa. Cikin duhu ya laluba, hannunsa ya faɗa kan wani guntun gungume, daidai girman da yake so. Gungumen ya ɗan yi gardama, ya fizge shi da ƙarfi. Ya danna a bayan katakon, ya ɗaga murya: "Bismillah, ranka ya daɗe, a buga!"

Shugaba ya buga. Ƙusa ta kama. Aka fara tafi.

Ana cikin tafin ne gidan ya fara matsowa.

A hankali ya taho, kamar mai jin nauyin jama'a. Ƙofa ta kumburo, taga ta karkace, matakala suka lanƙwashe. Mai aski ya yi ihu, "Tarihi zai faɗo!" Kujeru suka watse. Ba-Na-Sauka, wanda aka ɗauka ba ya iya tafiya, shi ya fara kaiwa bakin layi. Wasu biyu suka sungumi shugaba da gudumarsa suka yi gefe da shi, yana tambaya ko an gama ne. Fuskar gidan gaba ɗaya ta kwanta a kan kujeru, rim! Motar ta gangaro ta baya ta hau kanta, ta taka taga, ta taka allon tagulla, ta tsallaka titi, ta je ta jingina da ƙofar shagon tela ta tsaya, kamar ta kawo ɗinki.

Da ƙura ta lafa, ga abin da jama'a suka gani: rami mai girman mota, rufi a kan itatuwa huɗu, bututu ɗaure da tsumma yana ɗiga, da kawunku tsaye a gefe cikin babbar riga, ya ɗaga guntun gungume sama yana danna iska. Ta cikin ramin kuma, can ƙurya, uwarku ce zaune a kujerarta da kofin shayi.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Ku shigo, yau ƙofa a buɗe take."

Aka kawo wa shugaba tabaransa. Ya saka, ya duba, ya cire, ya goge, ya mayar.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya, bai sauke gungumen ba, "doka ta ce abin da ido ke gani daga titi. Kafin ka buga ƙusar nan, ido bai ga komai ba. In za a bi gaskiya, kai ka yi canjin."

Tela ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce a bar masa motar, ya yafe ƙofar.

Kwamiti ya yi zama uku a kan maganar. Abin da ya fi damunsu ba ramin ba ne, yadda za a rubuta takarda ba tare da an ce sun ba katako lambar yabo ba. Daga ƙarshe suka aiko da hukunci mai hatimi biyu: a mai da fuskar gidan daidai da hoton da ke cikin fayil, ba ragi ba ƙari, cikin wata uku. Suka haɗo da kwafin hoton. To, hoton da ke cikin fayil yanzu shi ne sabon da Ba-Na-Sauka ya ɗauka, wanda su da kansu suka buga wa hatimi suka ce ya fi kowane gida kama da asali.

Uwarku ta sa tabarau, ta ɗauki hoton ta tafi ofis, ta ajiye shi a gaban akawu, ta dangwala yatsa a gefen matakala. Ga shi nan, siriri, baƙi, an zana shi da kyau: ƙarfen dafawa.

"Ɗana, karanta mini. Ba ragi?"

Akawu ya duba hoto, ya duba hukunci, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito yana sosa ƙeya. "Ba ragi, Mama."

"To a rubuta mini cewa dole ne in sa ƙarfen nan. Ina tsoron karya doka."

Aka rubuta. Shi ne wanda kuka dafa da za ku shigo. Shi aka fara kafawa, tun kafin a ɗora bulo ɗaya, kuma kofin shayi guda ya ci.

Kar ku yi dariya tukuna, ban zo inda na kira ku ba. Kawunku yanzu yana bin layi yana cewa duk tsarinsa ne, wai dama ƙarfen yake nema mini, ni uwarku, garejin dabara ce ta ɗauke hankali. Wannan na bar shi da tela. Abin da ya hana ni sakewa shi ne, shekaranjiya na same shi da littafin dokar nan kuma, ya ja layi a ƙarƙashin "daga titi" da biron da ke rubutu. Ya ce doka ba ta ce komai a kan abin da ake gani daga sama ba. Ya ce tunda gidan gado ne rabi da rabi, shi ya zaɓi rabin sama. Jiya aka kawo tsani, ga shi can jingine a tsakar gida, kuma na ji yana tambayar kafinta nauyin tankin kifi.

Rufin nan a kan itatuwa huɗu yake tsaye, ni kuma a ƙarƙashinsa nake kwana. Ƙanena ne, ba zan kai shi ƙara ba, bakina kuma ya gaji. Ku ne manya yanzu. Ga shi can yana shigowa, kun ji ƙarar tef. Ba mai tashi daga nan sai kun yanke: ko ɗayanku ya tafi da kawunsa, ko ɗayanku ya tafi da tsanin. In kun rasa mai ɗaukar kawun, to ku ɗauki uwarku, amma ku sani da ƙarfena zan tafi.